Idanun Doguwa

Shekara uku ke nan da 'yar Kaka da mijinta suka tafi birni aiki, ita a masana'antar ɗinki, shi a wurin gini. Suka bar mata yara biyu: Doguwa mai shekara goma sha ɗaya, wadda tsayinta ya ja mata sunan, da ƙanwarta Auta. Kaka ta riƙe amanar hannu bibbiyu. Ci da sha ba su rasa ba, kayan makaranta kullum a wanke. Duk ƙarshen mako in uwar ta bugo waya, Kaka kan ce, "Ke dai yi aikinki, ba abin da ya same su."

Abu ɗaya ke haɗa ta faɗa da Doguwa. A aike ta ta koro akuyarsu, sai ta koro ta maƙwabta. In babban mutum ya ɗaga mata hannu daga bakin rijiya, sai ta wuce kamar ba ta san shi ba. Kaka ta yi faɗa har ta gaji, ta ce tsayi ne ya sa mata girman kai.

Wata rana da yamma tana ɓare gyaɗa a ƙofar ɗaki, sai ga malamar ajin Doguwa. Bayan gaisuwa Malama ta ce, "Kaka, jikarki ba ta gani daga nesa. Saboda tsayinta na sa ta a bencin baya, ashe duk shekarar nan daga littafin ƙawarta take kwafa. Jiya ƙawar ba ta zo ba, ta zauna ba ta rubuta ko harafi ɗaya ba."

Kaka ta ture ƙwaryar gyaɗar gefe. Ta ƙwala wa yarinyar kira.

"Ke, me ya hana ki faɗa mini?"

Doguwa ta sunkuyar da kai. "Na ɗauka kowa haka yake gani. Da na gane kuma, na ce in Mama ta ji za ta bar aikinta."

Kaka ta tuna duk faɗan da ta sha yi wa yarinyar. Da kanta ta nemi Malama ta buga wa uwar waya, ta karɓa ta faɗa mata komai, ba ta rage ba. Uwar ta yi kuka, ta ce ba za a ba ta hutu ba sai bayan wata biyu.

"Wa ya ce ki zo? Ƙafata ba ta karye ba," in ji Kaka.

Ranar Laraba Kaka da Doguwa da Malama suka hau motar farko zuwa asibitin ido. Likita ya gwada ya sake gwadawa, ya ce tabarau kawai take bukata. Da Doguwa ta sa shi, ta juyo ta ƙura wa Kaka ido daga can bakin ƙofa.

"Kai, Kaka! Ashe haka kika tsufa?"

"Ungo naki! Likita, karɓe abinka."

A hanyar dawowa Doguwa ta manne da taga, tana karanta duk allon da suka wuce da ƙarfi, har direba ya roƙe ta ta huta. Malama ta matso kusa da Kaka ta ce yara goma sha tara ne a ajinta iyayensu ba sa gari, kuma tana son ta bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya ta ga halin da suke ciki, amma tsofaffin da ke riƙe da su ba sa sakin jiki da ita.

"Sa'o'ina ne, ni za su saurara," in ji Kaka. "Ki biyo mini gobe in an tashi daga makaranta. Mu fara da gidan mai gyaran keke, jikansa wata guda ke nan yana tari."