Rodi Mai Kaushi

Ƙusa ta ƙarshe yake bugawa a bango lokacin da ta kira shi daga kan gado, da muryar nan da ta karkace tun ranar da ɓarin jikinta na hagu ya shanye.

"Baban yara, gidan za ka rushe mana?"

"Saura ƙiris."

Mai Rodi ya ja da baya ya dubi aikinsa. Ƙarfe ne miƙaƙƙe a jikin bango, daga gado zuwa ƙofar banɗaki, taku bakwai. Shekara ashirin da takwas yana lanƙwasa rodi a wuraren gini. Ko ido rufe ya san lambar kaurin kowanne: sha shida na ginshiƙi, sha biyu na rufin kankare, da siririn takwas da ake naɗa zobe da shi. Amma bai taɓa zaɓen ƙarfe gabansa na faɗuwa ba sai jiya. Ya tsallake duk masu zane mai kaushi a jiki, ya ɗauko mai santsi, ya yini yana goga shi har yana ɗaukar ido. Ai tafin hannunta ne zai hau kai.

Yau yayanta zai zo da mota. Tun makon jiya ya faɗa: "Kai kana wurin aiki tun safe, ita tana kwance tana jiran mai kai ta banɗaki. In ba za ta iya kai kanta ba, gidana za ta koma." Ba da faɗa ya yi maganar ba, shi ya sa ta fi ciwo.

Ta miƙe da ƙyar, ta damƙi ƙarfen da hannun dama, ta ja ƙafar da ta mutu. Taku ɗaya. Biyu. A na uku gumi ya jiƙa tafinta, hannun ya zame sulul, ta tafi luu. Ya tare ta kafin kanta ya bugi ƙasa, suka zube tare a kan siminti suna haki kamar waɗanda suka sauke tirela.

Sun daɗe a haka. Gajiyar wata huɗu ta sauko masa a kafaɗa, ta wanki da ɗauka da murmushin dole.

"Wataƙila Yaya ya fi mu gaskiya," in ji shi, idonsa a ƙasa.

Ta harari ƙarfen. "Wai don me ake yi wa rodi zanen nan? Kai da ka cika min kunne da zancensa tun ina amarya."

"Don kankare ya samu abin kamawa."

"To ni me ka ba ni in kama? Na fi kankare riƙo ne?"

"Mai zanen zai ci miki hannu."

"Miƙo naka."

Ya miƙa. Ta juya tafin, duk ya yi kanta, ga tabon waya, ta murza shi da babban yatsa.

"Shekara nawa ina riƙe da wannan? Ka taɓa jin na zame?"

Ya mayar da ita kan gado, ya fita bayan ɗaki inda ragowar rodin sha shida mai zane ke jingine, ya kakkaɓe tsatsa, ya auna, ya sa zarto.

Da ya kafa mai zanen a bango, ta sake miƙewa. Tana taku na huɗu Yaya ya yi sallama ya shigo. Ya tsaya cak.

"Haba, surukina! Wannan mugun ƙarfen ka sa mata? Ginshiƙi ce ita?"

"Yaya, matsa min daga hanya," ta ce, haƙoranta a cije.

Biyar. Zanen ya nutse a tafinta, jijiyar wuyanta ta miƙe. Mai Rodi ya ɓoye hannuwansa a baya don kada su kai mata ɗauki. Shida. Ta tsaya, ta yi numfashi. Bakwai. Ta tura ƙofa da kafaɗa, ta shige, ta rufo.

Daga ciki muryarta ta fito, a karkace, a gajiye: "Baban yara, ka ba Yaya ruwa ya sha kafin ya koma."

Yaya ya jujjuya makullin mota a hannu, sannan ya jefa shi aljihu.

Mai Rodi bai tashi ɗebo ruwan ba tukuna. Ya zauna a bakin gado, idonsa a kan ƙofar. Akwai sauran taku bakwai na dawowa.