Sabon Bututun Mutlak

Taƙaitaccen bayani shi ne, bututun wurin wanke-wanke na tirelar da Mutlak ke kwana ciki a hamada ya yi yoyo, aka kuma ba ɗan'uwa amanar gyara.

Da Mutlak ya sayo sabo, ɗan baffansa Fauzan ya karɓe, ya ce, "Haba ɗan baffa, ina raye ka kira bare? Je ka dafa gahawa."

Washegari ruwa ya jiƙe dardumu. Mutlak ya leƙa, sai ga tsohon bututun ɗaure da roba. Sabon kuwa a tirelar Fauzan ya gan shi.

Fauzan ya ce, "Nawa ma yana yoyo. Ai gida ɗaya ne."

Abin da Mutlak ya rasa: bututu ɗaya, darduma biyu, ɗan baffa ɗaya.