Littattafan Casilda

Shekara goma sha tara Mama ba ta ambaci sunan yayata Casilda ba, tun ranar da ta ajiye jami'a ta shiga gidan sistocin coci da ba sa fitowa, a nan garin Puebla. In an tambaye ta sai ta ce 'ya ɗaya gare ta. Ni ke nan, kuma ba wani daɗi na ji ba.

Sai aka fara wani wasa a talabijin bayan abincin rana, labarin wata sista malama a zamanin mulkin Sifaniyawa. Mama ta ce shirme ne, amma ba ta taɓa fashin kallo ba. Ranar da bishof ya sa aka kwashe wa sistar littattafanta kaf, Mama ta ture kofin atole ɗinta, wato kunun masara.

"Haka suke yi musu, Hermelinda?"

"Mama, shekara ɗari uku fa ke nan."

"Mazan sun canza ne?"

Washegari ta cika kwando da tsofaffin littattafan Casilda, muka hau bas. Ashe duk shekarun nan tana goge musu ƙura. Na ji haushi, na kuma ji tausayinta.

Ba a ganin sistocin. Wani akwatin katako ne a jikin bango, mai juyawa, ta nan suke miƙo alewar da suke sayarwa. Mama ta jera littattafan a ciki, ta juya.

"Wa ya aiko?" in ji wata murya daga ciki.

"Wata mata ce," in ji Mama, tana kaurara murya.

Ashe Casilda ce a ciki, ta kuwa gane muryar.

"Mama, ba wanda ya hana ni karatu. Ni ce ma mai kula da ɗakin littattafai."

"To dawo min da kayana, mara kunya."

"Na ƙi."

Duk da haka akwatin ya fara juyowa da littattafan, Mama kuwa ta sa tafin hannu ta tare. Daga can aka tura, ita ma ta tura. Katakon ya tsaya a tsakiya yana ɗan rawa.

"Saki mana, Mama."

"Ke ki saki. Kina cin abinci kuwa? Ba ki da ƙarfi ko kaɗan."

Mama ta jingina goshinta da katakon, kafaɗunta na motsi don kuka. Masu sayen alewa sun yi layi har bakin titi. Na juya na ce musu yau babu, su dawo gobe.