Allurar Talata

"Ja fatar idon ƙasa in gani," na ce mata.

Maƙwabciyata Gwaggo Mai Keke ta ɗage ƙafa daga keken ɗinkinta, ta ja. Cikin idon fari fat, ba alamar jini.

"Gwaggo, kin daina shan ƙwayoyin ƙarin jinin nan ko?"

"Jajayen nan? Bakina kamar na tsotsi ƙusa. Ga ciki ya ɗaure tamau."

Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakaninmu. Duk rigunan makarantar yarana ita ta ɗinka, tana awo tana mita wai ina ba su taki. A ranar na tasa ta gaba sai asibiti.

Likita ya ce ƙodarta ce ta gaji, shi ya sa jikin ya daina yin jini. Ya rubuta allura duk Talata, ya ce sai a sanyi za a ajiye ta. Gwaggo ba ta da firji, sai aka sa a nawa. Talata da sassafe za ta leƙo ta taga.

"Ke 'yar nan, ina ajiyata? Ko kin zuba a miya?"

In sa kwalbar cikin ƙanƙara, mu kama hanya, muna tafe tana hutawa.

Wata biyu, sai ga jini ya dawo. Hakin da take yi ya ragu, ƙarar keke ta koma tashe ni da safe. Ta buɗe mini tafin hannunta tana dariya.

"Duba, ja wur! Saura a kawo mini miji."

Na yi dariya, amma likita ya riga ya ja ni gefe ya faɗa mini allurar jini take ƙarawa, ba ta gyara ƙoda. Ban gaya mata ba. Ina jin ta sani.

Wata bakwai muka samu a haka. Daga nan ƙafafun suka kumbura, ta koma juya keken da hannu, har ta kwanta. Ranar Alhamis da la'asar ina gyara mata matashi ta riƙe yatsana.

"Rigar 'yar autarki saura hannu ɗaya. Kada ki kai wa wani, zai ɓata."

Aka aika a kira ɗanta, amma kafin ya iso daga tasha, ta cika.

Bayan mako biyu wata tsohuwa mai sanda ta yi sallama a ƙofata.

"Nan ne gidan mai ɗinki? Tare muke layi a asibiti. Talata biyu ke nan ina kama mata wuri a benci, ba ta zo ba."

Na faɗa mata Gwaggo ta rasu. Ta daɗe a tsaye, sannan ta zauna a dokin ƙofa, ta kwance bakin mayafinta. Lemo biyu ne a ciki. Ta ɓare ɗaya a hankali, ta miƙo mini rabi. Ɗayan, na Gwaggo, yana kan cinyarta.