Akwatin da ke Amsa wa Gitar

Yunana mai wankin zannuwan gado ne a asibitin mishan, ranar Lahadi kuma shi ke kaɗa gitar a majami'a. Shekararsa arba'in da bakwai ba tare da soja ya taɓa tambayar sunansa ba, sai da wani baturen likita mai komawa gida ya bar masa kyauta: baƙin akwati na ajiyewa a ƙasa, mai wurin takawa uku da ƴar taga inda jar lamba ke haske. Ana maƙala wa gitar ta katako ɗan ƙarfe a bakin raminta, waya ta shiga akwatin, wata ta fita zuwa ƙaramar lasifika. In ka taka, muryar gitar ta sauya. Baturen ya nuna masa sau ɗaya, da sauri. Yunana ya yi ta gyaɗa kai kamar wanda ya gane.

Lokacin tawaye ne. Aka gayyace shi kaɗa waƙoƙin biki wajen Keita. Matarsa Laraba ta ce a bar akwatin a gida, ya ce mutanen Keita ma suna da hakkin jin ci gaba.

Da hantsi, bayan Buza kaɗan, sojoji suka tsayar da motar hayar da ya shiga shi da Laraba a shinge, suka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani sarjan mai furfura a saje ya zazzage buhun Yunana. Wayoyi suka fara zubowa, sannan akwatin. Wani soja ya sa takalmi ya taɓa shi, jar lambar ta kunnu. Fasinjoji suka ja baya gaba ɗaya, aka bar Yunana shi kaɗai tsaye da buhu a hannu.

"Minene wanga?" in ji sarjan.

"Na kiɗi ne, shef."

"Na kiɗi. Da waya da lamba. Da wa kake magana cikin duwatsun nan?"

Yunana ya dubi duwatsun. Bai taɓa lura da yawansu ba sai yau. Ya sha jin ana cewa wanda aka samu da radiyon ƴan tawaye, mota daban ke tafiya da shi, iyalinsa kuma su yi wata da watanni suna tambaya. Irin wannan motar kuwa tana nan gefen hanya, a inuwar aduwa, ƙyaurenta na baya a buɗe.

"Kaɗa mu ji," in ji sarjan.

Ya zauna kan dutse ya haɗa wayoyin. Sau uku yana kuskure ramin. Ya zaɓi waƙar yabo mafi sanyi da ya sani, wadda ake yi wa marasa lafiya. Amma ƙafarsa ta dama tana rawa ba da izininsa ba, ta sauka kan abin takawar farko. Gitar ta yi wani gurnani mai kaushi, irin na kaset-kaset ɗin waƙoƙin ƴan tawaye da kowa ke ɓoyewa in ya hango shinge. Sojoji biyu suka kalli juna.

"Ba ita ba ce, shef, ba ita ba ce," ya ce, ya taka na tsakiya.

Gurnanin ya ɗauke. Ya ja tsirkiya ɗaya a hankali. Ta yi ƙara, sai lasifika ta maimaita, ta ƙara, ta sake maimaitawa can ƙasa-ƙasa, kamar daga nesa.

Sarjan ya sauke bindigarsa daga kafaɗa. "Wa ya amsa maka?"

"Ba kowa, shef."

"Na ji da kunnena. Kai ka buga guda, an maido maka ukku."

Yunana ya nemi kalmar da baturen ya faɗa, bai same ta ba. Ya nemi addu'a, sai ta cin abinci kawai ta zo masa.

Laraba ce ta yi magana daga cikin fasinjoji. "Ranka shi daɗe, ba shi da kowa. Mutumen ga ko ni ba ni amsa mishi. Taɓa da kanka ka gani."

Sarjan ya dube ta, ya daɗe. Sannan ya duƙa ya ja tsirkiya da babban yatsa, kamar mai fizge ƙaya. Wata mummunar ƙara ta fito. Akwatin ya maido masa da ita yadda take, sau uku, bai gyara komai ba.

Wani soja ya yi dariya ta hanci, ya haɗiye. Yunana ya rufe ido. Yanzu kam ya tabbata an gama da shi: akwatinsa ya kwaikwayi sarjan a gaban yaransa.

Sarjan ya sake ja, a hankali wannan karon. Akwatin ya sake maidowa. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Kwashe tarkacenka," ya ce. "Ɗan tawaye ba ya yawo da abin da ba shi iya rufe baki."

Kowa ya hau mota. Yunana ya yi yunƙurin tashi daga kan dutsen, ƙafafunsa suka ƙi. Sai da direba da Laraba suka kama shi ta hammata, ɗaya nan ɗaya can, suka ɗora shi bisa buhun albasa.