Babur Ya Rage Gudu a Angwan Iya

Malam Gamaliel ya dawo da rana daga makarantar da yake koyarwa, ya kashe babur a ƙofar gida, ya dafe ƙirji ya faɗi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce wa matarsa Zipora zuciya ce.

Bayan an watse daga zaman makoki abin ya fara zuwar mata. Tana tsaka da tuƙa tuwon rana, da wani babur ya rage gudu a layinsu sai ƙirjinta ya hau dukan uku-uku. Gumi ya keto mata, yatsu su mutu, maƙogwaro ya toshe kamar an cusa tsumma. Takan zube a gindin murhu ta ce shi ke nan, lokaci ya yi. Can kuma sai abin ya sake ta, ta tashi ta tarar tuwo ya kama.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta wanke zanin zumuntar matan coci da take so a binne ta da shi, ta goge, ta ninke a gefen gadon da mijinta yake kwanciya. Maganar gaskiya, in tsoron ya wuce har wani sanyi takan ji a rai. Ciwon mijinta ne ya zo ɗaukarta, ba za ta daɗe ita kaɗai ba.

Maƙwabciyarta Zubaidatu nas ce, irin matan nan da sai sun kai tsakar gida suke sallama. Ta shigo aron rariya ta same ta a ƙasa tana haki. Ba ta tsaya jin ba'asi ba, ta kira mai keke napep ta kai ta asibiti. Aka manna mata wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini.

"Maman Ruben, likita ya ce zuciyarki ƙalau take," in ji Zubaidatu da suka fito. "Yaushe yake zuwar miki?"

"Da rana. In na ji babur."

"Ya taso miki lokaci guda, ki ji kamar mutuwa, sannan ya lafa da kansa?"

Zipora ta gyaɗa kai.

"Ciwon firgici ne, jiki ke ɗauka akwai haɗari alhali babu. Ba ya kisa. In ya zo ki zauna, ki ja numfashi ta hanci, ki sake shi a hankali. Akwai likitan da za mu gani ranar Laraba. Ki gode wa Allah, kina da sauran kwana a gaba."

"Na gode, Maman Ihsan," ta ce, muryarta can ƙasa.

Washegari da rana babur ya rage gudu. Ƙirji ya buga, yatsu suka mutu, komai ya zo yadda aka lissafa mata. Ta zauna a kan turmi tana jan numfashi har abin ya lafa. Babur ya wuce gidan gaba.

Ta shiga ɗaki ta ɗauke zanin ta mayar cikin akwati. Da ta juyo, gefen gadon ba kowa, ba komai. Tun ranar jana'iza ba ta yi kuka irin na wannan rana ba, don sai yanzu ta gane ba bin mijinta za ta yi ba, barin ta ya yi.