Tantabarun da Suka Ƙi Tafiya

"Baban Lele, fito ka gani. Ga su nan sun dawo."

Kafinta ya fito da kumfar sabulu a wuya, ya ɗaga kai. Ga su kuwa jere a kan katangar da ta raba gidansu da na Baba Mai Tantabaru, suna gyaran fukafukai kamar ba abin da ya faru. Da safen nan da idonsa ya ga tsohon ya zuba su a kwando, ya ɗaure baki, ya shiga mota da su zuwa gidan ɗan ƙanensa can bayan gari. Shi mai su ɗin ma bai dawo ba tukuna.

"Ikon Allah! To su wace mota suka shiga?"

"Ka tsaya wasa," in ji matarsa. "Je ka rufe tagar yarinyar nan."

Ya je ya rufe. Lele tana zaune a kan gado, ta manna hanci da gilashi tana ɗaga musu hannu.

Shekararta huɗu. Wata biyu ke nan da likita ya saurari ƙirjinta ya ce asma ce, ya ba su maganin shaƙa, ya ce a nisanta ta da ƙura da hayaƙi da gashin tsuntsu. Sannan ya kalli rigar Kafinta ya ce, "Har da garin katakon nan naka, malam." Tun daga ranar, in ya dawo daga shago Lele ta rugo, sai ya daka mata tsawa daga bakin ƙofa kamar ɗan sanda, "Tsaya nan!" Sai ya yi wanka ya sake riga kafin ya ɗauke ta. Duk cikin dokokin likita wannan ce ta fi ci masa rai.

Ta biyunta ita ce maganar tantabaru. Tsohon ba mata, ba ɗa a kusa, sai tsuntsayen nan. Kuma ɗakin da suke kwana, Kafinta ne da hannunsa ya kafa shi jikin katanga, daidai saitin tagar Lele, tun ba a haife ta ba. Kullum matarsa sai ta ce, "Ka faɗa masa?" Kullum sai ya ce, "Gobe." Bakin ya yi masa nauyi.

Ashe ba sai ya faɗa ba. Wata rana da la'asar abin ya taso wa yarinyar, numfashi yana fita da ƙara kamar usur. Kafinta ya rungume ta ƙam a ƙirjinsa yana kewaya tsakar gida, uwar tana binsa da maganin a hannu tana ce masa ya tsaya. Sai suka ji murya daga bakin ƙofa.

"Kai, Kafinta! Sassauta. Ƙirjin kake matsewa."

Tsohon ne, ya toge a waje ya ƙi shigowa, don ya san abin da ke jikin rigarsa.

"Zaunar da ita a cinyarka. Ba ka taɓa riƙe tantabara ba? In ka matse ta mutu, in ka saki ta tashi. Tallabe kawai. Yauwa. Ke kuma ba ta maganinta. Kai, daina haki, hakinka take ji."

Da numfashin ya daidaita, tsohon ya leƙo ya ce, "Amarya, kin tsorata angonki." Lele ta murguɗa baki ta ce ita ba ta auren mai furfura. Ya yi dariya har tarinsa ya sarƙe shi, don shi ma ƙirjinsa ya daɗe da zama tsohon zugazugi. Da ya lafa ya ce, "Katanga ba ta ɓoye tari, Kafinta. Na ji komai. Zan kwashe su."

Ya kuwa kwashe. Suka dawo. Ya sake kwashewa, ga shi yau sun riga shi isowa gida.

"Ni fa ban yarda ba," in ji uwar Lele. "Tsuntsu ba ya zuwa inda ba ci. Hatsi yake watsa musu a ɓoye."

Abin ya tsaya wa Kafinta a rai. Ba ma zargin ba, shi dai yana son ya san yadda tsuntsun da aka rufe a kwando, aka cusa ƙarƙashin kujerar mota, zai gane hanyar gida. Shi kansa ranar da ya fara zuwa unguwar nan sai da ya yi tambaya.

Washegari ya ƙi zuwa shago da wuri. Ya jingina tsani da katanga, ya hau a hankali, ya leƙa.

Buhun hatsi yana gefe a ɗaure tam, an ɗora masa dutse. Kaskon ruwansu a kife. Tsohon yana tsaye a tsakiyar gida da doguwar gora, ya ɗaura tsumma a kanta, yana kaɗawa.

"Ku tafi, 'yan banza! Ba ku da gida a nan. Ke Mai Zobe, har da ke? Marar kunya!"

Su tashi su yi kewaye ɗaya, su sauko. Wata ma a kafaɗarsa ta sauka. Ya ɗaga hannu kamar zai make ta, hannun ya tsaya a sama. Sai ya zauna a kan bokiti yana haki, gorar a kan cinya.

"Sauko ka zauna," ya ce bai ko waiwayo ba. "Leƙe ba ya yi wa babba kyau."

Kafinta ya tsallako da kunya. Sai ya yi tambayar da ke cinsa. "Baba, wai wa ke nuna musu hanya?"

"Tun ba a haife ka ba nake tambayarsu, ba su faɗa min ba. Abin da na sani ɗaya ne. Tantabara ba ta karɓar sabon gida sai ta yi ƙwai a cikinsa. Shi kuma yaron can, ɗan ƙanena, tausayi ya yi masa yawa, da sun yi kuka sai ya buɗe musu." Ya nuna ɗakin tantabarun da haɓa. "Kai ka kafa, kai za ka cire. Ka kai can ka mayar, ka kewaye da waya, ka yi masa sakata mai kyau."

"Baba, kai fa? Gidan zai yi maka shiru."

"Shirun nake so, in riƙa jin ko amaryata tana tari."

Ranar Kafinta bai buɗe shago ba. Ya zare ƙusoshin da ya buga da kansa, ya loda katakon a mota, ya je ya kafa. Uwar Lele ta wanke katangar da ruwa, tana yi tana share hawaye, tana cewa sabulu ne ya shiga mata ido.

Maganar tsohon ta tabbata. Da suka yi ƙwai aka buɗe musu, suka zauna. Tarin Lele ya ragu, har aka fara barin tagarta a buɗe. Sai guda ɗaya tak, wani tsohon namiji mai ruwan toka da ake ce wa Gwauro, wanda matarsa ta mutu. Shi ba shi da ƙwan da zai riƙe shi. Da an buɗe ƙofa sai gida.

"Ni da shi jirgi ɗaya ya kwaso mu," in ji tsohon. Yanzu daga kwance yake magana, don gorar ma ta fi ƙarfinsa. Kafinta ne ke kama Gwauro ya mayar, kuma tsohon ne ya koya masa yadda ake yi: ƙafafu tsakanin yatsu biyu, babban yatsa a kan fukafuki, ƙirjin a bar shi sake.

Ba a barin Lele ta shiga ɗakin, don ƙurar tsuntsu ta kama komai har katifa. Sai uban ya ɗaga ta daga waje ta leƙa ta taga.

"Kaka, kai ma usur kake yi. In ara maka abin shaƙana?"

"Riƙe kayanki, Amarya. Naki numfashin yanzu aka fara shi."

"Naka fa?"

"Nawa na ci rabona, har na taɓa na maƙwabta."

Da hantsi tsohon ya cika, ranar wata Talata, Kafinta yana gefensa yana gyara masa matashi. Ƙarar ƙirjin da aka saba ji ta katanga ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, sai ɗakin ya yi tsit. Kafinta ya daɗe a zaune, hannunsa a ƙarƙashin kan tsohon, bai matse ba, bai saki ba.

Bayan an kai shi an dawo, mutane sun watse, an sa wa gidan kwaɗo, sai uwar Lele ta taɓa hannun mijinta. Gwauro ne a kan katanga, daidai inda ramukan ƙusa suka rage, yana leƙen tsakar gidan da ba kowa. Wannan karon ba ta aike shi ba. Ta shiga ta rufe tagar da kanta.

Kafinta ya hau tsani. Tsuntsun bai gudu ba. Ya tallabe shi, yana jin ɗan ƙirjin yana bugawa a tafinsa, ya sa shi cikin kwali, ya huda ramuka da ƙusa.

Lele ta ƙwanƙwasa gilashi. "Baba, zai dawo?"

"Da alama."

"In ya dawo fa?"

"Sai in sake mayar da shi."

"In ka dawo ka yi wanka da sauri."

A mota ya samu kujerar gefen taga, ya ɗora kwalin a cinya. Da suka ɗau hanya sai ya ji motsi. Ya duba. Gwauro ya kafa jan idonsa a ɗaya daga cikin ramukan, yana kallon titi yana wucewa.